Cajin akwatin wuta daga mota: me ke hana shi sauri, kuma yaya ake gyarawa?

Tambaya: "Ina da akwatin wuta irin na ɗauka a hannu, wanda 'yan kasuwa ke kira fawa-siteshan, mai ajiyar wat-awa kusan 1000. Sana'ata ta yawan tafiya ce, shi ya sa nake so in riƙa yi masa caji a motata, ƙaramar Toyota 'yar Beljiyam. Amma in na jona shi a soket ɗin kunna sigari, allonsa ba ya nuna fiye da wat 90 zuwa 100, kan fulogin yana zafi har ba ya taɓuwa, wani lokaci kuma cajin ya ɗauke ya dawo. Akwatin ne ya lalace ko motar ce? Wani mai wayarin ya ce zai ja mini waya kai tsaye daga batir don ya yi sauri. In yarda? Ba zai kashe mini batir ko altaneta ba?"

Amsa: Malam, akwatinka lafiyarsa lau, kuma mai yiwuwa motar ma ba abin da ya same ta. Wat 90 zuwa 100 ɗin da kake gani shi ne iyakar abin da wannan hanya take bayarwa, ko da motar yau ta fito daga kamfani. Zafin fulogi da ɗaukewar caji kuwa matsala ce ta gaske, kada ka yi sake da ita, amma gyaranta ba wuya. Shawarar mai wayarin rabinta daidai ce. Wayar da zai ja daga batir za ta magance zafin, amma ba za ta ƙara maka saurin a-zo-a-gani ba, kuma in bai sa mata fis da abin katse wuta ba, ta fi soket ɗin da kake kuka da shi haɗari.

Lissafi ɗaya ne yake riƙe da duk maganar: wat shi ne bolt sau amfiya. Wutar ƙaramar mota bolt 12 ce, in inji na aiki ta hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. Soket ɗin sigari kuma a yawancin motoci fis mai amfiya 10 ko 15 ne a bayansa, wayarsa siririya ce, don ba a yi shi domin ya ɗauki nauyi na awanni ba. Kamfanonin akwatin wuta sun san haka, sai suka ƙayyade wa akwatin cewa in ya ga wuta a kusa da bolt 12, kada ya ja fiye da amfiya 8, wasu 10. To, wutar da take isa bakin akwatin bayan ta ratsa siririyar waya da fulogi ba ta cika wuce bolt 12.5 ba. Ka ninka 12.5 sau 8, ka samu wat 100. Ka ga abin da allonka yake nunawa ke nan.

A wat 100, akwati mai wat-awa 1000 da ya ƙare ƙaf yana bukatar awa 10 zuwa 11, tun da wani kaso na wutar yana tafiya a zafi. Tafiyar awa 3, misali Kano zuwa Kaduna, kwata ɗin akwatin za ta cika da ɗan ɗoriya. Cika duro ne da moɗa: zai cika, sai dai ba da wuri ba.

Wannan ƙayyadewar tana cikin akwatin ne, ba a cikin soket ba, kuma nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗi. Ko an ja waya mai kaurin yatsa daga batir, akwatin zai duba ya ga bolt 13 ko 14, ya ce wannan wutar mota ce, ya ja amfiyarsa 8 ya tsaya. Ribar da za ka ci ba ta wuce wat 10 ko 15 ba. Sauri ba ya zuwa sai an ɗaga bolt ɗin kafin wutar ta shiga akwatin. Zan dawo kan wannan, amma a fara da zafin fulogi, don shi ne abin gaggawa.

Fulogin sigari ba ya kullewa. Ƙaramin tsini ne mai sifirin a bakinsa, da 'yan kunnuwa biyu a gefe. Duk gargada ko rami da mota ta shiga, yana ɗan ja da baya, wurin haɗuwar ƙarfe da ƙarfe ya ragu. In turjiyar wannan wuri ta kai ko da 0.05 na om, a amfiya 10 ana samun wat 5 na zafi a wurin da bai kai ƙwayar gero ba. Zafin yana kashe ƙarfin sifirin, sifirin ya saki, haɗuwa ta ƙara lalacewa, zafi ya ƙaru, har roba ta narke. Ka cire fulogin ka duba bakinsa: in tsinin ya yi baƙi, ko robar kewayensa ta kumbura, ko ka danna shi bai dawo da ƙarfi ba, ka jefar da wannan wayar. Ka haska cikin soket ɗin ma, mota a kashe, ka goge ƙura da tsatsa. Kada ka jona akwatin ta cikin abin raba soket gida biyu ko uku, ko doguwar waya ta ƙari, domin kowace mahaɗa wurin zafi ce. In manhajar akwatinka tana ba da damar rage abin da yake ja daga mota, ka mayar da shi amfiya 6 kafin ka yi gyara na dindindin.

Abin da ba a yi ko kusa shi ne ƙara girman fis. In fis mai amfiya 10 yana yawan ƙonewa, wasu masu wayarin sai su sa mai 25 ko 30, wasu ma su naɗa zaren waya a madadinsa. Fis ba akwatin yake karewa ba, waya yake karewa. Ka ƙara masa girma, wayar da ke cikin dashbod ita ce za ta zama fis, kuma tana ɗaure ne cikin dami ɗaya da sauran wayoyin motar.

Ɗaukewa da dawowar caji kuma yawanci daga faɗuwar bolt ne. Akwatuna da yawa ba sa karɓar wuta ƙasa da bolt 11, wasu 12. In akwatin ya fara ja, bolt ya faɗi a siririyar waya, sai ya saki; da ya saki bolt ya dawo sama, sai ya sake kamawa. Haka zai yi ta yi. Akwai kuma sababbin motoci, musamman na Turai, da kwamfuta ke sarrafa altanetarsu don rage shan mai: tana sauke wutar zuwa bolt 12 da ɗoriya in mota na tafiya daidai, ta ɗaga ta kusan 15 in an saki totur. A irin waɗannan, ko wayarin lafiya yake, cajin zai riƙa hawa da sauka.

Yanzu maganar sauri. Kafin ka sayi komai, ka juya akwatin ko ka buɗe littafinsa, ka nemi abin da aka rubuta a kan ƙofar shigar wutar sola, don ta nan wutar mota ma take shiga. Lambobi uku za ka gani: tazarar bolt, iyakar amfiya, da iyakar wat. Misali, EcoFlow Delta 2, mai wat-awa 1024, tana karɓar bolt 11 zuwa 60, amfiya 15, wat 500 ta ƙofar sola, alhali cajin mota an tsayar da shi a amfiya 8. Wato ƙofar tana iya ɗaukar ninki biyar na abin da soket ɗin sigari ke ba ta. Iyakar amfiya da ta wat akwatin da kansa yake kiyaye su, ba zai ja fiye da ƙarfinsa ba. Iyakar bolt kuwa kai ne za ka kiyaye. Ka wuce ta ko da na ɗan lokaci, sashen MPPT da ke karɓar wutar zai iya ƙonewa, kuma garanti ba ya biyan irin wannan. Ƙananan akwatuna da yawa iyakarsu bolt 28 ko 30 ce, don haka kada ka yi aiki da lambobin akwatin wani.

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce kwanbata mai ɗaga wuta daga bolt 12 zuwa 24. In akwatin yana jan amfiya 8, a bolt 24 ka samu wat 192. In 10 yake ja, wat 240. Awa 11 ta koma tsakanin 4 da 6. Amma ka lura da ɓangaren mota: wat 240 da ke fita, da asarar kwanbata ta kusan kashi 10 cikin ɗari, yana nufin ana jan kusan amfiya 21 daga motar. Soket ɗin sigari ba zai ɗauki wannan ba ko na minti ɗaya, dole sai an ja sabuwar waya daga batir. A nan ne aikin mai wayarin naka yake da amfani.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne sayen kwanbata da ba ta kai akwatin ƙarfi ba. Sashen MPPT an yi shi ne ya yi ta ƙara ja har sai ya kai iyakarsa ko ya ga wuta ta fara faɗuwa. In akwatinka zai iya jan amfiya 15 a bolt 24, wato wat 360, ka ba shi kwanbata mai amfiya 10, zai danne ta har ta yi zafi ta yanke, ta huce ta dawo, wata rana ta mutu gaba ɗaya. Ka sayi wadda ta fi iyakar akwatin da aƙalla kwata, ko wadda take da nata abin ƙayyade amfiya. Kada kuma ka gaskata duk lambar da aka buga a jikin kwanbata mai arha. Akwai masu inganci irin su Victron Orion-Tr Smart 12/24, mai amfiya 10 da mai 15, waɗanda ake saita bolt ɗinsu ta wayar hannu. In za ka yi amfani da irinsu, ka sa su a tsarin bayar da wuta tsayayya, ba tsarin cajin batir ba, saboda akwatin yana da nasa tsarin caji a ciki.

Wani ɗan ƙaramin abu da ke rikita masu EcoFlow: fulogin XT60 da XT60i kamarsu ɗaya, sai dai na biyun yana da ɗan ƙarfe na uku a tsakiya. Da shi wasu akwatunan kamfanin suke bambance wutar sola da ta mota. In ka jona kwanbata da XT60 na yau da kullum, akwatin zai iya tsayawa a amfiya 8. Da wayar sola mai XT60i sai ya buɗe zuwa iyakarsa. Ka san wanne kake so kafin ka zaɓi girman kwanbata. Sauran kamfanoni suna da nasu fulogi, kamar zagayayyen nan mai milimita 8 na Jackery ko Anderson, kuma a kowanne sai ka auna da mita ka tabbatar ja yana kan ja, baƙi yana kan baƙi kafin ka soka.

Hanya ta biyu ita ce cajar altaneta da kamfanonin suka fito da ita musamman don wannan aiki. A 2024 EcoFlow ta fitar da mai wat 800, Bluetti kuma ta fitar da Charger 1 mai wat 560. Suna zuwa da wayarsu da fis ɗinsu, suna lura da wutar batirin mota, in ta yi ƙasa su rage ja ko su tsaya, kuma ana saita su ta manhaja. Ga wanda kuɗinsa ya kai, wannan ita ce hanya mafi tsafta. Sai dai lambar da ke kan kwali ba umarni ba ce. Wat 800 yana nufin amfiya 60 ko fiye daga altaneta, kuma ƙaramar mota irin taka ba ta da wannan rarar.

Hanya ta uku, wadda mutane suka fi saurin tunawa da ita, ita ce inbata: a mayar da wutar mota irin ta gida, a jona akwatin kamar a bango. Tana aiki, amma ni ita nake sa wa ƙarshe. Ana juya wutar sau biyu, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ya tafi a zafi. Dole inbatar ta zama mai tsaftatacciyar wuta, wadda ake rubuta wa "pure sine wave", don akwatuna da yawa ba sa karɓar wutar inbata mai arha. Babbar matsalar kuma, akwatin ya ɗauka bango ne, zai nemi jan wat 1000 ko fiye, wanda a ɓangaren mota ya kusan amfiya 100. In akwatinka ba shi da wurin rage saurin caji zuwa wat 200 ko 300, ka manta da wannan hanya. Ka kuma duba ko akwatin na Amurka ne mai bolt 120 ko na nan ne mai 230, domin 'yan gwanjo suna shigo da kowanne. Soket irin na gida da ke cikin wasu motocin Amurka ma bolt 120 ne, kuma yawancinsu wat 100 zuwa 150 kawai suke bayarwa.

Sai tambayarka game da altaneta, wadda ita ce ainihin iyakar duk abin da za ka yi. Altanetar ƙaramar mota tana tsakanin amfiya 70 da 120, kuma lambar tana jikinta ko a littafin mota. Amma wannan lamba ta lokacin da inji yake gudu ce kuma altanetar ba ta yi zafi ba. A silo, watakila rabin haka take bayarwa ko ɗan fiye. In ta yi zafi, abin da take bayarwa yana ƙara raguwa, kuma fankar da ke sanyaya ta tana juyawa ne daidai da gudun inji, wato a silo ne take shan wahala mafi girma. Motar kanta tana da nata ci: kwamfuta, famfon mai da fulogogi suna cin amfiya 15 zuwa 20, fitilun gaba biyu masu wat 55 kusan amfiya 9, esi da fankokin lagireto 20 zuwa 30. Ka haɗa, da dare a cikin cunkoso, esi a kunne, altaneta mai amfiya 80 ta riga ta kai bango kafin ka jona komai.

Saboda haka ga ƙaramar mota, shawarata kada ƙarin nauyin ya wuce kashi ɗaya cikin uku na lambar altaneta. A mai amfiya 80 zuwa 100, wannan ya kama amfiya 25 zuwa 30, wato wat 250 zuwa 350 a bakin akwati. Wannan zai cika maka akwatin a awa 3 zuwa 4 na tuƙi, kuma ya isa. Manyan jif da a-kori-kura masu altaneta 130 zuwa sama su ne za su iya ɗaukar wat 500 da ɗoriya.

Ba sai ka yi ƙiyasi ba, mita za ta gaya maka. Ka ɗora ta a kan kawunan batir da safe kafin a tayar da mota: lafiyayyen batir cikakke zai nuna kusan 12.6, in 12.2 ne ya yi rabi. Ka tayar, ka bari inji ya yi ɗumi, ka duba: 13.8 zuwa 14.4. Ka kunna fitilu da esi da fanka a ƙarshenta, ka sake dubawa. Sannan ka kunna cajin akwatin. In a silo wutar ta tsaya sama da 13.2, altaneta tana da rara. In ta sauka ƙasa da 13 ta ci gaba da zamewa, batir ne yake cikasa giɓin, wato kana kwashe wutar batirin mota kana zuba wa akwati, ga shi inji na aiki kana ganin kamar lafiya. Ka ɗan taka totur zuwa juyi 2000 a minti. In wutar ta dawo, matsalar ta silo ce kawai, sai ka riƙa kashe cajin a cunkoso. In ba ta dawo ba, ka rage wat ko ka sa a duba altanetar. Ka saurari bel ma. Altaneta kusan rabin ƙarfin da take karɓa daga inji take mayarwa wuta, don haka ƙarin wat 500 ya fi ƙarfin doki ɗaya a kan bel. Tsohon bel ko wanda ya saki zai fara ƙara, kuma bel mai zamewa ba ya caji.

Aikin wayarin ne wurin da ya kamata ka tsaya a kan mai aikin, kada ka ba da mota ka tafi. Kaurin waya ana fitar da shi ne da lissafi: tsawon waya zuwa da dawowa a mita, sau amfiya, sau 0.0175, a raba da kaurin wayar a murabba'in milimita. Abin da ya fito shi ne bolt ɗin da zai ɓace a hanya, kuma ana so kada ya wuce rabin bolt. A ce daga batir zuwa bayan kujera mita 4 ne, wato 8 zuwa da dawowa, ana jan amfiya 21. Da waya mai kauri 6, asarar bolt 0.49 ce, daidai ke nan. Da mai 2.5, irin ta wayarin gida, asarar ta kai bolt 1.2, wato kusan wat 25 na zafi kwance a ƙarƙashin kafet. In amfiya 40 za a ja a mita 5, mai kauri 10 za ta yi asarar 0.7, mai 16 kuma 0.44; a nan 16 za ka saya. Wayar ta zama mai laushi mai zare da yawa, ba mai ƙarfe ɗaya ta gini ba, wadda girgizar mota ke karyawa.

Ka kuma yi hattara da wayar gorar ruwa da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, kasuwa cike take da ita. Kusan kashi 60 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe na gaske ke ɗauka take ɗauka. Ka kankare zare ɗaya da wuƙa, in cikinsa fari ne, ba ita ba ce. A hannu ma ba ta da nauyi.

Fis yana zama ne a kan wayar fozitif, daf da batir, tazarar da ba ta wuce santimita 20 ba. Dalili kuwa, duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da kariya. In ta goge ta taɓa bodi, batirin mota zai tura ɗaruruwan amfiya ta cikinta, ta yi jajir cikin daƙiƙoƙi. Fis ɗin da aka sa a can baya kusa da kwanbata bai kare wannan doguwar wayar ba. Girmansa ya ɗan fi abin da ake ja, amma kada ya fi ƙarfin waya: amfiya 30 ga waya mai kauri 6 da ke ɗaukar 21, amfiya 60 ga mai 16 da ke ɗaukar 40 zuwa 45. Daga amfiya 30 zuwa sama a yi amfani da fis mai ɗaurin noti, irin MIDI ko ANL, ba mai sokawa ba. Bakin waya a matse shi cikin kan ƙarfe da abin matsewa na gaske, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗa waya a naɗe da tef ba aiki ba ne a wannan nauyi. Inda wayar za ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, ta bi ta cikin zoben roba, a saka ta a bututun kariya, a ɗaure ta nesa da salansa, sitiyari da fedoji. Kafin a fara aiki a cire kan negetif na batir, shi ne kuma za a mayar daga ƙarshe.

Wayar negetif ka ɗaura ta a bodi, a noti mai ƙarfi da aka kankare fentinsa, kusa da inda asalin wayar batir take ɗaure. Wannan yana da muhimmanci a motocin da ke da ɗan akwatin sansa a kan negetif ɗin batir. Sansar tana ƙirga wutar da ke shiga da fita. In ka ɗaura wayarka kai tsaye a kan batir ka tsallake ta, kwamfuta ba za ta san ana jan wuta ba, sai ta bar batir ya yi ta raguwa.

Sai abin da zai ceci batirinka. Wayar da aka ja daga batir da wuta take dare da rana, akwatin kuma bai san ka kashe mota ba. Batir mai amfiya-awa 60, in ana jan 8, cikin awa 4 ya yi rabi. In 21 ake ja, awa ɗaya da rabi. Batirin tayar da mota ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi haka ba, sau kaɗan za a yi masa ya daina riƙe caji. Maganin shi ne rile na mota, wato makunnin da wuta ce ke kunna shi da kashe shi, mai amfiya 40, mai ƙafa huɗu. Ƙafa mai lamba 30 ta karɓi wayar da ta fito daga fis, 87 ta tafi kwanbata, 85 ta tafi bodi, 86 kuma ta karɓi siririyar waya mai nata ƙaramin fis daga layin da ba ya samun wuta sai an murɗa makulli. Layin soket ɗin sigari ya dace da wannan in a motarka yana mutuwa da kashe mota, kamar yadda yake a yawancin Toyota da Honda, kuma a motoci da yawa yana ɗaukewa lokacin da kik yake juya inji, wanda ke kare kwanbata daga faɗuwa da tsallen wuta na wannan lokaci. Ka gwada ka gani, don a wasu motocin soket ɗin ba ya mutuwa. Raunin wannan tsari shi ne in ka zauna makulli a murɗe kana jin rediyo, inji a kashe, cajin yana ci. Rile mai jin bolt, wanda ke haɗawa a kusan 13.3 ya yanke a kusan 12.8, ya toshe wannan, sai dai bai dace da motar da kwamfuta ke sauke wa altaneta ba. In nauyin ya wuce amfiya 30, a nemi babban rile da aka yi don aiki na dogon lokaci.

Zafin ƙasarmu ma yana cikin lissafi. Yawancin akwatuna, masu batirin LiFePO4 da na sauran nau'in litiyam, ba sa karɓar caji in zafinsu ya wuce digiri 40 zuwa 45. A watan Afrilu a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai iskar waje kanta tana haura 40, cikin motar da aka ajiye a rana kuma yana wuce 60. In ka shiga irin wannan mota ka jona akwati ya ƙi caji ko ya rage sauri, kare kansa yake yi. Ka bari esi ya sanyaya shi. Kada ka bar shi a rufaffiyar mota a rana, domin zafi yana cin rayuwar batir ko ba a amfani da shi. Wurinsa ƙasa, bayan kujera, cikin inuwa, a bar taki ɗaya a gaban ramukan fankarsa, ba a danne shi da kaya a but ba. A ɗaure shi da madauri, saboda abu mai kilo 10 zuwa 12 in aka taka birki da ƙarfi zai iya raunata mutum. Kwanbata a ɗaura ta a jikin ƙarfe inda iska ke wucewa, ba a ƙarƙashin bonet ba sai in an rubuta ta dace da nan.

Direbobin tirela da tifa masu wutar bolt 24 sun samu sauƙi: in akwatin yana karɓar 24, kusan wat 200 za su samu ba tare da kwanbata ba. Amma in inji na aiki wutar tana kai bolt 28 ko ɗan sama, akwatin da iyakarsa 28 ce yana bakin haɗari. Kada kuma a ɗebi bolt 12 daga batir ɗaya cikin biyun, hakan yana sa ɗaya ya yi ƙasa ɗaya ya sha caji fiye da kima, duka su lalace. Motoci masu haɗa mai da lantarki irin Prius ba su da altaneta, kwanbata ce ke ba su bolt 12, batirinsu na 12 ƙarami ne, don haka sai motar tana kan READY ake caji, kuma a tsaya a matsakaicin nauyi.

Game da mai: wutar mota ba kyauta ba ce. Ko kana tafiya, cika wat-awa 1000 ta altaneta yana cin abin da ya kusan lita ɗaya. Wannan ba laifi. Abin da ba shi da ma'ana shi ne a ajiye mota a ƙofar gida tana silo don akwati ya cika. Ƙaramar mota a silo tana shan kusan lita 0.7 zuwa 1 a awa. A wat 100, lita 7 zuwa 10 ke nan don wutar da ƙaramin janareta zai zuba cikin awa biyu. In kuwa a gareji ne ko rufaffen zaure, hayaƙin salansa yana kashe mutum ba tare da ya ji warinsa ba.

Ranar da aka gama aikin, ka yi tafiyar minti 20 da cajin a kunne, ka tsaya inji na aiki, ka taɓa wurin fis, ƙafafun rile, inda aka ɗaura negetif a bodi, da fulogin da ke shiga akwati. Ɗumi kaɗan ba komai. Wurin da ya fi 'yan'uwansa zafi a fili, ko ba ka iya riƙe shi na daƙiƙa biyar, ɗaurinsa bai yi ba, a kwance a sake. Ka auna bolt a batir da kuma a bakin kwanbata a lokaci guda. In bambancin ya wuce 0.6, ko waya ta yi siranta ko wata mahaɗa ta saki. Bayan mako guda na tuƙi a sake bin notocin da sifana, don girgizar hanya tana sassauta sabon ɗauri.